Pali: harshen da aka raɗa wa suna bisa kuskure

Mene ne Pali?

Tsohon harshe ne na Indiya, da shi aka adana littattafan addinin Buddha na ɗariƙar Theravada. Ba wanda ke tashi da shi a gida yanzu, amma sufayen Sri Lanka, Myanmar, Thailand, Kambodiya da Laos suna haddarsa, suna rera shi kullum.

Me kalmar take nufi?

Asali ba sunan harshe ba ce. Ma'anarta layi ko jeri, daga nan ta koma nufin matani, wato ainihin nassin, don a bambanta shi da sharhi. Idan malamai suka ce "pali-bhasa", nufinsu "harshen matani". Da tafiya ta yi nisa sai aka ɗauka kalmar farkon suna ce, ta bi harshen har yau. Buddhaghosa, babban mai sharhi na ƙarni na 5, Magadhi yake kiransa.

To, da shi Buddha ya yi wa'azi?

Mabiya Theravada sun ce haka ne, tunda ya daɗe yana wa'azi a ƙasar Magadha, wato jihar Bihar ta Indiya a yau. Duwatsun da Sarki Ashoka ya sa aka yi wa rubutu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa kuwa sun kawo wata magana. Na gabas, wajen Magadha, suna sa "l" inda Pali ke da "r": laja maimakon raja, wato sarki. Pali ya fi kama da rubutun Girnar, can yamma a Gujarat. Na fi gamsuwa da masanan da suka ce kare-karen harshe da dama ne suka cakuɗa a bakin mahaddata, sannan aka daidaita su.

Sanskrit fa?

Sanskrit shi ma tsohon harshen Indiya ne, na littattafan addinin Hindu; shi da Pali 'yan'uwa ne. Pali yakan sauƙaƙa furuci: dharma ta zama dhamma, karma ta zama kamma.

Yaushe aka rubuta shi?

An shafe ƙarnoni ana riƙe da nassin da ka. Sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta shi a Aluvihara ta Sri Lanka, a kan ganyen wata bishiya dangin giginya. Tipitaka ake kiran kundin, wato kwanduna uku. Pali ba shi da baƙaƙen kansa, kowace ƙasa da nata take rubuta shi. A Mandalay ta Myanmar, Sarki Mindon ya sa an sassaƙa kundin a kan allunan dutse 729.