Daga Maraɗi zuwa Yamai: nisan sama da nisan ƙasa

Kilomita nawa ne tsakanin garuruwan biyu?

Ya danganta da yadda aka auna. In aka ja layi miƙaƙƙe a taswira, kusan kilomita 540 ne. In kuwa kwalta za ka bi, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, sai ka ci kimanin kilomita 660.

Ina ragowar kilomita 120 ɗin suka shiga?

Iyaka ce ta cinye su. Maraɗi da Yamai suna kusan kan layi ɗaya, wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, wato in ka fuskanci yamma sak daga Maraɗi, Yamai ka nufa. Amma wannan layin yana ratsa arewacin jihar Sakkwato ta Najeriya, inda iyakar ta kumbura ta shigo arewa. Hanyar mota dole ta kauce: daga Gidan Rumji ta hau Madawa, ta bi Birnin Ƙonni gab da Illela, ta wuce Dogon Dutsi, ta gangara kudu har Doso, sannan ta sake ɗagowa zuwa Yamai. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar nan a bas ya san kwanar Doso ba ƙaramar kwana ba ce.

To jirgi awa nawa yake yi?

Jiragen da suka dace da irin wannan gajeren zango masu farfela ne, kuma gudunsu a sama wajen kilomita 500 ne a awa. Lissafin kai tsaye zai ba ka awa ɗaya da 'yan mintoci. Sai dai jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Yana ɗaukar lokaci kafin ya kai tsayin da zai daidaita, ga rage gudu wajen sauka, ga gangarawa a kan titin filin jirgin Diori Hamani na Yamai kafin ya tsaya. Don haka ka ƙiyasta awa ɗaya da rabi. Bas kuwa, da tsayuwar sallah da cin abinci da shingayen jami'an tsaro, yini guda ne, awa 10 ko fiye.

Ke nan jirgi ya fi ta kowace fuska?

A'a, ni dai ban yarda da "kowace fuska" ba. Awa ɗaya da rabin nan lokacin sama ne kawai. Ƙara zuwa filin jirgi da wuri, awon kaya, jira, da shiga gari bayan an sauka. Ga hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa ganin titin sauka, a ɗage tafiya. Ɗan kasuwar da ke ɗauke da dilolin atamfa kuma, kuɗin kilo kaɗai zai mayar da shi tasha.

Akwai bambancin agogo?

Babu, Nijar duka agogo ɗaya ne. Rana ce ba ta san haka ba. Yamai tana yamma da Maraɗi da kusan digiri 5, kowane digiri kuma minti 4 ne, saboda haka rana kan faɗi a Yamai kimanin minti 20 bayan ta faɗi a Maraɗi. Mai azumin da ya tashi da la'asar kada ya sha ruwa da lokacin gida, ya jira kiran sallar inda ya sauka.