Waiwaye: yadda tsallaka titi ya zama kasada a Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Katsina wajen Kurna da la'asar sakaliya, ko titin Zariya daidai Unguwa Uku, ya san wannan tsayuwar. Mace da goyo, hannunta ɗaya riƙe da yaro, ɗayan a sama tana roƙon direba ya sassauta. Ta sako ƙafa, ta janye. Ta sake sakowa, ɗan Adaidaita Sahu ya ɓullo ta hannun da ba ta zata ba. Mun saba gani har ya daina ba mu mamaki, alhali ba haka garin ya taso ba.

Tsohon birni don mai tafiya a ƙasa aka gina shi. Lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, faɗinsu bai wuce na mutum da jakinsa ko raƙumi da kayansa ba. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sai aka shiga shimfiɗa tituna masu faɗi a wajen ganuwa, a Nasarawa da Sabon Gari da wajen tashar jirgi. Bayan samun jiha a 1967, gwamnatin Audu Bako ta ƙara buɗe garin da kwalta.

Asalin matsalar, a ganina, tana cikin abin da ya biyo baya. Titunan Zariya da Katsina da Gwarzo da Maiduguri da Haɗejiya hanyoyin fita gari ne, an tsara su ne don mota ta take wuta ta bar Kano. A wancan lokacin gonaki ne a gefensu. Sai gari ya bi titi. Na'ibawa, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Kabuga, Rijiyar Zaki, Hotoro, Dakata, duk suka cika maƙil ta ɓangarori biyu. Yanzu gida yana wannan tsallaken, makarantar boko ko Islamiyya tana wancan. Masallacin Juma'a a nan, kasuwa da asibiti a can. Jama'a sun mayar da wurin unguwa, amma titin bai canja hali ba, har yau tirela da tankar mai suna bin sa da gudun babbar hanya.

Hukumomi sun zo ɗaya bayan ɗaya. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu don ɗaukar mata, sunan kuma ya bi su. A 2012 aka kafa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari, sai Adaidaita Sahu ta mamaye tituna. Wannan sauyi ya taɓa mai tsallaka titi kai tsaye, domin ɗan sahu a bakin kwalta yake tsayawa ya sauke ya ɗauka, yana tare wa mai tsallakawa ganin motar da ke tafe, yana kuma tare wa direban ganinsa.

Daga nan sai zamanin gadoji. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga, aka kuma fara doguwar gadar Sabon Gari. Abdullahi Umar Ganduje ya kammala ta, ya ƙara da ta Dangi da ta Ƙofar Ruwa da ta Hotoro. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko aikin gadojin Tal'udu da Ɗan'agundi. Ba na musun amfaninsu. Wanda ya san cunkoson shataletalen Dangi a da ba zai yi musu ba. Sai dai cunkoson nan, duk da takaicinsa, shi ne ke ba tsoho da yaro damar ratsawa tsakanin motoci. Da aka kawar da shi, motar da ta sauko daga gada da gudu take saukowa, kuma a daidai gindin gadar ne mutane suka fi tsallakawa, don nan ake sauka daga abin hawa, nan 'yan talla suke.

Maganin da aka fi kawowa shi ne gadar masu tafiya a ƙasa, da shingen ƙarfe a tsakiyar titi. Abuja ta gwada a hanyar Kubwa da ta filin jirgi da wajen Nyanya, Legas har kamen masu ƙin hawa gada take yi. Kullum hukuncin ɗaya ne: mutanenmu ba sa bin doka. Wannan magana tana ci mini rai. Ka ce wa mai juna biyu, ko gurgu a kan kekensa, ko mai tura kurar ruwa, ko dattijon da gwiwa ta hana shi sallah a tsaye, ya yi tafiya mai nisa cikin rana, ya hau matakala masu tsawo, ya sauko, don kada mota ta rage gudu na daƙiƙa goma. In ka ga an ɓalle shinge a wuri ɗaya sau uku, to a wurin ne jama'a ke da buƙatar tsallakawa.

Wasu ƙasashen sun bi ta nan kafin mu. A Ingila aka fara farin zanen tsallaka titin nan mai kama da jikin jakin dawa, a garin Slough a 1951. A Holan, bayan mutuwar mutum sama da 3,000 a kan titi a 1971, fiye da 400 daga cikinsu yara, iyaye suka fito zanga-zanga har aka sake fasalin titunan unguwanni. Suwidin ta ɗauki manufar kawar da mutuwa a titi gaba ɗaya a 1997, kuma a babban birninta, a 2020, taron ministoci ya yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa duk inda mota ke cuɗanya da mutane. Dalilin a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga gudun kilomita 50 zuwa 65. Ta kuma ce a cikin kusan mutum miliyan 1.19 da ke mutuwa a titi kowace shekara, fiye da rabi masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Mutanen unguwa sun gane wannan ba tare da wani taro ba. Ranar da mota ta kaɗe yaro, kafin a dawo daga maƙabarta matasa sun jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwalta, bayan kwana biyu a yi karo-karo a sayi siminti a ɗaga tudu. Sau da yawa tudun ya yi tsini, babu fenti babu alama, ɗan babur ya faɗi a kansa da dare. Amma abin da suke nema daidai ne, aikin injiniya kawai ya rasa: tudu mai faɗi da mota za ta hau a hankali, zane a kansa, fitila da dare, tsibiri a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya tsallaka rabi-rabi, da danja mai ba masu ƙafa lokacinsu. A ƙofar makarantu da yawa, har yau malami ne ko maigadi ke fitowa da sanda lokacin tashi, ya tsaya a tsakiyar titi da jikinsa har yara su gama wucewa.