Mene ne "Goyon Kangaru" da Ake Yi wa Bakwaini?

Duk matar da ta taɓa haihuwar bakwaini, ko ta yi zaman jinya a ɗakin jarirai na babban asibiti, da wuya a ce ba ta ji ma'aikaciyar jinya tana cewa "yau za ki fara kangaru" ba. Wasu kan ɗauka sunan magani ne ko wata na'ura. Goyo ne, amma na ƙirji, kuma fata da fata.

Ana tuɓe jariri, a bar masa hula da safa da ƙunzugu kawai. Uwa ta buɗe gaban rigarta, a ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanta, cikinsa manne da jikinta, ƙafafu da hannuwa a lanƙwashe kamar na kwaɗo. A juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa don kada hanyar numfashi ta toshe. Sai a ɗaure shi da zani ko majanyi, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, sannan ta rufa riga a kai. A haka za ta zauna, a haka za ta yi tafiya, a haka za ta yi barci a kishingiɗe da matashi a bayanta. Ana haɗa wannan da shayar da nonon uwa zalla. Idan yaron bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ɗan kofi ko ta siririyar robar da ake zura masa ta hanci.

Sunan ya samo asali ne daga kangaru, dabbar nan ta Ostireliya wadda take haifar ɗanta bai wuce gaɓar yatsa ba, sai ya shige wata jaka da ke cikinta, ya yi watanni yana shan nono a cikin ɗumi har ya yi ƙwari.

Babban abokin gaban bakwaini shi ne sanyi. Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ba shi da kitsen da zai riƙe masa zafi, ga fatarsa sirit. Ana so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da ya sauka ƙasa da haka, ɗan abincin da ya kamata ya gina jikinsa sai ya ƙare wajen neman ɗumi, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya rikice. Ƙirjin uwa kuwa ɗuminsa ba ya yankewa, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

A Bogota, babban birnin Kolombiya, aka fara shi a 1978. Wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya ga kwalaben da ake sa bakwaini sun yi kaɗan, har ana haɗa jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya suna shafa wa juna cuta. Sai ya mayar da yaran ƙirjin iyayensu. An daɗe ana kallon abin a matsayin dabarar talaka, wato a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Bincike ne ya sauya wannan tunani. A 2016 masana na ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, sun tattara sakamakon bincike 21 da suka shafi jarirai sama da 3,000, suka ga goyon yana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, yana kuma rage sanyin jiki da kamuwa da cuta mai tsanani.

Sai dai a lokacin ba a fara goyon sai yaro ya farfaɗo, ya daina buƙatar taimakon numfashi, abin da kan ɗauki kwana 3 zuwa 7. A waɗannan kwanakin ne kuma ake rasa mafi yawan yaran da ake rasawa. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci wani babban gwaji a asibitoci biyar: a Ile-Ife ta Najeriya, da Kumasi ta Gana, da Indiya, da Malawi, da Tanzaniya. An ɗauki jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, aka raba su biyu. Rabi aka ɗora su a ƙirji tun sa'o'in farko, suna samun kusan sa'a 17 a rana. Sauran aka bi tsohuwar hanya. Cikin kwana 28, an rasa 12 cikin kowane 100 a rukunin farko, kusan 16 a na biyu. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, aka wallafa sakamakon a 2021. A Nuwamban 2022 hukumar ta sauya ƙa'idarta: a fara goyon nan take bayan haihuwa, a yi sa'a 8 zuwa 24 a rana, sai fa yaron da ke cikin mawuyacin hali, kamar wanda bai iya numfashi da kansa.

Akwai abin da nake so a lura da shi, domin nan ne ake yawan kuskure. Yaran gwajin ba gida aka sallame su ba. Suna ƙirjin uwa, robar iskar oksijin na hancinsu, ƙarin ruwa na shiga, na'ura na auna bugun zuciyarsu. Abin da asibitocin suka yi shi ne shigar da gadon uwa cikin ɗakin jarirai, maimakon a bar ta tana leƙe ta taga. A ganina wannan ne aikin da ke gaban asibitocinmu: gado, da abinci, da banɗaki ga mai jego, wadda ita ma jikinta bai gama warkewa ba. Wani gwajin da aka yi a Uganda, aka wallafa a 2024, bai ga bambancin mutuwa a makon farko ba, kuma sa'o'in goyon a can ba su kai na gwajin farko ba.

Bayan sallama, goyon yana ci gaba a gida. A jihar Haryana ta Indiya an gwada koya wa iyaye shi a gidajensu, mutuwar watan farko ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Mu da muka tashi a bayan iyayenmu ba sai an koya mana ɗaure zani ba. Abin da ke ba mu wuya shi ne yawan sa'o'in, da 'yan barka masu son a miƙo musu yaro su gani. Ba dole sai uwa ba: idan ta shiga wankan jego ko za ta yi salla, kaka ko gwaggo ko uban yaron kansa sai ya karɓa, ya wanke hannu, ya ɗora a nasa ƙirjin. Idan yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa yana tsayawa, ko ya yi shawara har tafin ƙafa, a koma asibiti da shi a ƙirji.

Lokacin dainawa kuwa yaron ne da kansa yake nunawa. Idan ya kusa kilo 2.5, ko ranar da aka yi tsammanin haihuwarsa ta zo, zai fara mutsu-mutsu, yana zaro hannu da ƙafa daga zanin, yana kuka duk sanda aka mayar da shi.