Dashen tsoka da maganin tsinka jini: tambayoyin da ake ta yi mini

Me ya haɗa wannan tiyata da maganin tsinka jini?
An yanko fata ko tsoka daga cinya ko gadon baya, an kai inda ciwo ya cinye, an ɗinke jijiyoyin da faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Gudan jini ɗaya ya toshe bakin ɗinkin, naman ya mutu. Shi ya sa ake ba da maganin, don ya hana jinin yin guda.

Wanne ake bayarwa?
Yawanci heparin. Ana wanke bakin jijiyar da shi a ɗakin tiyata, a bi da allura bayan an fito. Wasu likitoci kan ƙara asfirin ɗan kaɗan.

Shan sigari fa, ko da ɗaya ne?
Ko rabi. Yana tsuke jijiyar da aka kwana ana ɗinkewa.

Na daɗe ina shan maganin tsinka jini, warfarin ko clopidogrel. In daina kafin tiyata?
Nan ba na yanke hukunci da baki ɗaya. Ya danganta da abin da ya sa aka ɗora ka a kai. Sau da yawa akan dakatar da warfarin kamar kwana 5 kafin aiki, amma mai bawul na ƙarfe a zuciya ana iya riƙe shi da allurar heparin a tsakani. Wanda kuwa aka sa wa ɗan bututu a jijiyar zuciya kwanan nan, daina clopidogrel na iya jawo masa bugun zuciya, har gara a ɗage tiyatar in za ta ɗagu. In kuma aka bar maganin, jini na iya taruwa a ƙarƙashin dashen ya danne jijiyar, a koma gidan jiya. Sai likitan zuciya da na tiyata da mai ba da maganin barci sun haɗa kai. Don Allah kada ka daina da kanka. Kawo duk kwalayen magungunanka a gani, har da wanda kake ganin ba komai ba ne.

In ƙara asfirin a ɓoye don dashen ya kama?
A'a! Sau nawa za a faɗa?

Me ya sa ake tashina kowace awa bayan tiyata?
Yi haƙuri. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu haɗari. Nas za ta danna fatar da yatsa ta ga ko launin ya dawo, ta ji ɗuminta. In fatar ta yi fari ta yi sanyi, jini ba ya shiga. In ta kumbura ta yi shuɗi, ba ya fita. A lokacin ba a jiran allura ta yi aiki, ɗakin tiyata ake komawa da gaggawa.