Ɗinkin jijiyar kafaɗa: tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu

Waɗannan tambayoyin ba ranar da ba a yi mini su, wani ma sai ya yi sau biyu a zama ɗaya. Ga amsoshin a rubuce.

Wace jijiya ce ma aka ce ta yage?

Tsokoki huɗu ne ke tasowa daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu su lulluɓe kan ƙashin dantse, su riƙe shi a gurbinsa. Su ne abin da takardar hotonka ta rubuta "rotator cuff". Ta sama, mai taimakon ɗaga hannu, ita ta fi yagewa.

Ciwo ya tafi, in cire abin rataye hannun?

Kada ka cire. Ciwo kan lafa tun kafin jijiya ta kama ƙashi, kuma a makonnin farko zare ne kawai ke riƙe da ita. Mako 4 zuwa 6 ake ratayewa, gwargwadon girman yagewar. Bayan nan ka fara ɗaga hannun da kanka a gaban mai gashin ƙashi, motsa jiki na ƙara ƙarfi kuwa sai wajen mako na 12. Mafi yawan ɗinkin da ke warwarewa cikin wata shidan farko yake warwarewa. Kai da ka ce "ɗan bokiti ne kawai na ɗauka", da kai nake.

Yaya ake ɗinkin?

Yawanci yanzu ta ƙananan hudoji, da kyamara. A share wurin da jijiyar take manne a ƙashi, a dasa 'yan ƙusoshi masu zare, a jawo jijiyar a ɗaure ta a kai. Kafin ƙusoshin, ƙashin ake hudawa a zura zare ta ciki. Aikin ya daɗe: Codman, likitan Boston a Amurka, ya wallafa bayaninsa tun 1911.

In an ɗinka, ta koma yadda Allah ya halicce ta?

A'a. Asalin mahaɗar tana sauyawa ne a hankali daga jijiya zuwa guringuntsi zuwa ƙashi, bayan tiyata kuwa tabo ne ke haɗe su, kuma tabo bai kai ta ƙarfi ba. A 2004 wata likitar Amurka, Galatz, da abokan aikinta sun bi mutum 18 da aka ɗinke wa manyan yagewa, suka tarar 17 ta sake buɗewa. Kada gabanka ya faɗi: manyan yagewa ne, da dabarun wancan lokacin, kuma mafi yawansu ciwon ya ragu sosai duk da haka. Amma wanda tasa ta kama ya fi ƙarfin hannu, shi ya sa ake ta neman dabarar da za ta sa ta kama.

Likita ya ce akwai ɗinkin layi ɗaya da na layi biyu, kuma ana iya ƙara faci ko allurar jinina. Wanne zan zaɓa?

To, nan ne ba ni da amsa ta kalma ɗaya, sai ka yi haƙuri ka karanta.

A layi ɗaya, ƙusoshin na jere wuri guda, bakin jijiyar ne kawai ke taɓa ƙashi. A layi biyu akwai jeri na ciki da na waje, sau da yawa a gitta zaren na ciki ta saman jijiyar a kafe shi a na waje, sai ya danne ta a faɗin wurin da ta baro. Fili ya ƙaru, dannewa ta ƙaru, kuma idan an ɗauki hoto daga baya layi biyu ya fi yawan kamawa, musamman in yagewar ta wuce santimita 3. Sai dai in ka tambayi marasa lafiyar yadda suke ji, a ƙananan yagewa da wuya ka bambance wanda aka yi wa ɗaya da wanda aka yi wa biyu. Layi biyu kuma na da nasa aibin. Ya fi cin ƙusoshi da lokaci, sannan in aka matse jerin ciki fiye da kima, jijiyar kan tsinke ta can ciki kusa da tsoka, ɗinkin na nan daram amma ba abin da yake riƙe da shi. Gyaran wannan ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba.

Abin da na fi damuwa da shi ja ne. Jijiyar da ta janye ta yi nisa, in aka finciko ta da ƙarfi don lallai sai ta kai layin waje, zaren zai keta ta kamar yadda yake keta tsohon yadi. Likitan da ya san aikinsa sai ya fara sakin inda ta manne da kewayenta, in yagewar mai zurfin baki ce ya haɗa gefe da gefe tukuna, ko ya matso da wurin ɗaurin ciki kaɗan, 'yan milimitoci. Ni dai a wurina layi ɗaya mai sassauci ya fi layi biyu da aka yi a kan dole. Galibi kuma sai an shiga an taɓa jijiyar ake sanin wanne ya dace, don haka kada ka sa a yi maka alkawari tun a ɗakin ganin likita.

Ƙare-ƙaren kuma kowanne da matsayinsa. Akwai huda 'yan ramuka a ƙashin don jinin ɓargo ya tsattsafo ƙarƙashin jijiyar. Ba ya buƙatar wani kaya na musamman, wasu gwaje-gwaje sun ga ya rage sake yagewa, wasu ba su ga bambanci ba. Allurar PRP, wato a ɗebi jininka a tace ɓangaren da ke sa shi daskarewa a zuba a wurin ɗinkin, ita ma haka: akwai alamar tana ɗan taimakawa, amma kowane wuri da yadda yake haɗa tasa, sakamakon ya ƙi daidaita. Faci kuwa iri-iri ne. Akwai na fatar ɗan'adam da aka sarrafa, mai ƙara wa jijiya mai laushi ƙarfi, akwai na kolajin daga jijiyar saniya, wanda aka ga yana ƙara kamawa a hoto. Na hanjin alade da aka taɓa yayi an guje shi, saboda kumburin da ya riƙa jawowa. In yagewarka ƙarama ce, jijiyar na da kauri, shekarunka ba su ja ba, mai yiwuwa ba ka buƙatar ko ɗaya. In babba ce, ko karo na biyu ke nan, ko jijiyar ta yi siriri, faci abin dubawa ne. Tambayi likitanka girmanta da yanayin tsokar, sannan ka tambaye shi me ya sa ya ga kai ne ya dace da ƙarin.

A kankare ƙashin da ke saman jijiyar?

Tun 1972 da wani likitan Amurka, Neer, ya bayyana shi ake yi. Gwaje-gwaje ba su nuna yana ƙara wani abin kirki ga kowa da kowa ba. In akwai tsini da ke gugar jijiyar a share, in babu a bari.

Sigari ɗaya a rana ma?

Ɗayan ma. Nikotin na matse hanyoyin jini, wurin kuma dama ba shi da wadatar jini. Mai ciwon suga shi ma ya daidaita sugansa kafin ranar aiki. Allurar sitiroid a kafaɗa gab da tiyata kuma, bar ta.

Baba ya haura 70, a yi masa?

Ana yi. Kamawa na raguwa da shekaru, ƙashi ma kan yi laushi har ƙusa ta ƙi zama. Amma dattawa da dama na yawo da yagewa ba su sani ba, kuma gashin ƙashi kaɗai kan wadatar da wasu. A fara da shi, in ciwon dare ya ƙi bari a dawo.

In jira zuwa baɗi?

In faɗuwa ka yi hannu ya ƙi ɗaguwa nan take, kada ka jira. Tsokar da jijiyarta ta rabu da ƙashi tana ƙanƙancewa, kitse ya ratsa ta. Goutallier na Faransa ya kasa wannan mataki-mataki a 1994, daga 0 zuwa 4, kuma kitsen da ya shiga ba ya fita ko an ɗinka. A mataki na 3 da na 4 ɗinki ba ya yawan riƙewa.

An ce tawa ba ta ɗinkuwa. Shi ke nan?

Kwantar da hankalinki, hajiya, da sauran hanya. Ana ɗinke iya abin da ya jawu a bar saura. Ana shimfiɗa faci tsakanin allon kafaɗa da kan dantse, dabarar Mihata na Japan, wanda ya yi amfani da tantanin cinyar mara lafiyar. Ana karkato jijiyar wata tsoka ta baya ta karɓi aikin. Ga wanda ya manyanta, gaɓar ma ta lalace, akwai kafaɗar ƙarfe ta juyi, ƙirar likitan Faransa Grammont, wadda ke barin babbar tsokar waje ta ɗaga hannun. Balan-balan da ake hurawa a ƙarƙashin ƙashin sama kuwa, gwajin da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2022 ya nuna waɗanda aka share wa wurin kawai sun fi waɗanda aka sa wa shi samun sauƙi. In an kawo miki maganarsa, ki tambayi dalili.