Waiwaye: Sikirin ɗin da ya fi sauri amma bai ci kasuwa ba

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara Computer Village a Ikeja ya san maganar yaranmu masu gyara idan baƙi ya malale a fuskar waya: "Alhaji, tawada ta fashe, sai canji." Ba tawada ba ce. Ruwan kiristal ne, sinadarin da ke gudana kamar ruwa alhali ƙwayoyinsa na jere cikin tsari.

Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai a Prague, shi ya fara cin karo da shi a 1888. An daɗe ana kallonsa abin mamaki kawai kafin a fara gwada shi a sikirin, kuma a 1973 George Gray na Jami'ar Hull a Ingila ya fito da nau'i mai ɗorewa da ke aiki a zafin ɗaki. Daga nan fuskokin agogon hannu da kalkuleta na ruwan kiristal suka yaɗu.

Reshen feroilektirik, wato ruwan kiristal mai ɓangarorin caji na kansa da lantarki ke iya juyawa, ya zo a 1975. Robert Meyer ya hango cewa idan ƙwayoyin suka jeru shimfiɗa-shimfiɗa, a karkace, kuma suna da ɓari kamar hannun dama da hagu, to za su amsa kiran lantarki kai tsaye. Masana sinadarai a Orsay ta Faransa suka haɗa masa sinadari mai waɗannan siffofi, DOBAMBC, hasashen ya tabbata. A 1980 Noel Clark da Sven Lagerwall suka matse irin wannan ruwa tsakanin gilasai biyu masu tazarar maikiron ɗaya zuwa biyu (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai ga shi yana juyawa sau ɗaruruwa fiye da na yau da kullum, kuma hoto na nan ko an ɗauke wuta. Wa zai ƙi wannan a Legas?

Kamfanin Canon ya fitar da sikirin mai inci 15 na wannan fasaha a 1995, bai yi ƙarko a kasuwa ba. Bugu kaɗan yake wargaza shimfiɗun, kuma ba sa komawa da kansu. Ka tuna wayarka a aljihu cikin cunkoson danfo daga Agege zuwa Oshodi. Ga kuma wahalar samar da launi tsaka-tsaki: ko fari ko baƙi. Fasahar ta koma ƙananan fuskoki, irin na leƙen kyamara.

A 2017 aka samu sababbin sinadarai biyu, RM734 a York ta Ingila da DIO a Japan, kuma a 2020 tawagar Clark a Colorado ta tabbatar RM734 feroilektirik ne marar shimfiɗu. Sai dai yana son zafi sama da na tafasasshen ruwa. Daga nan aikin masu haɗa sinadarai ya zama sauko da irinsa zafin ɗaki, aikin da Gray ya yi wa na farkon.