Ƙa'idojin WCAG da Haƙƙin Nakasassu a Intanet

WCAG ƙa'idoji ne da ke bayyana yadda za a gina shafin intanet ta yadda makaho, kurma da wanda hannunsa bai da ƙarfi za su yi amfani da shi ba tare da neman ɗan jagora ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ma'aunan yanar gizo, ita ta fitar da su. Kashin farko ya fito a 1999, WCAG 2.0 a 2008, sai 2.1 a 2018 da 2.2 a 2023.

Ƙa'idojin sun ginu a kan abu huɗu: mai ziyara ya iya gani ko jin abin da ke shafin, ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, shafin kuma ya yi aiki da na'urorin taimako. Makaho yana dogara ne da manhajar da ke karanta masa allo da murya, irin su JAWS da NVDA. Idan aka sa hoto babu rubutaccen bayani a bayansa, manhajar ba ta da abin faɗa masa. Bidiyo kuwa yana buƙatar rubutun abin da ake cewa, domin kurame. Dole kowane maɓalli na shafin ya latsu da madannan rubutu na kwamfuta kaɗai, ba sai da linzamin kwamfuta ba. Har launi akwai ma'auninsa: bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa kada ya gaza 4.5 zuwa 1. Matakan cika ƙa'idar uku ne, A, AA da AAA, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsauri.

W3C ba hukuma ba ce, ba ta hukunta kowa. Ƙarfin ƙa'idojin daga dokokin ƙasashe yake zuwa, kuma galibinsu matakin AA suke nema. Tun a 2000 wani makaho, Bruce Maguire, ya yi nasara a kan masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu bai yi wa makafi aiki ba, aka biya shi diyyar dalar Ostireliya 20,000. A Amurka, dokar ADA ta 1990, mai kare haƙƙin nakasassu, ba ta ambaci intanet ba, amma wasu kotuna suka shigar da shafuka ƙarƙashinta. Kamfanin manyan kantuna na Target ya sasanta irin wannan ƙara a 2008 da dala miliyan 6. Sai a Afrilun 2024 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1. Tarayyar Turai ta fara da shafukan gwamnati a 2016, kana daga 28 ga Yunin 2025 dokarta ta haɗa da bankuna da kasuwancin intanet.

Akwai manhajojin da ke binciken shafi su zaƙulo kurakurai, sai dai abin da suke ganowa kaɗan ne daga cikin matsalolin. Na'ura za ta iya tabbatar da cewa hoto yana da bayani, amma ko bayanin ya dace da hoton, wannan sai mutum. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a riƙa gwada shafi da nakasassun kansu kafin a buɗe shi ga jama'a.